Gyambon masu ciwon suga da kumburin babbar jijiyar jini: mene ne ya haɗa su?

Ɗan Misfala, Makka:

Assalamu alaikum. Baffana yana da ciwon suga, kuma tun lokacin da ya taka ƙasa mai zafi ba takalmi ya samu rauni a tafin ƙafa, raunin ya zama gyambo, har yau bai rufe ba. Ana cikin jinyar ne aka yi masa hoton ciki, aka ga babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya ta kumbura ta haura santimita 4. Likitan ya ce ba a kai ga tiyata ba, ya kuma ƙara da cewa irin wannan kumburi ya fi tafiyar hawainiya a jikin masu suga. Ta yaya cutar da ta hana ƙafa warkewa za ta rage wa jijiya saurin lalacewa, kuma shin akwai maganin da ake sha?

Ɗalibar likitanci, Jidda:

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya ba Baffa lafiya. Abin da ya haɗa cututtukan biyu shi ne wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj. Idan mutum ya ji rauni, su ne ke zuwa su kashe ƙwayoyin cuta su kwashe mataccen nama, sannan bayan 'yan kwanaki su sauya hali su koma kiran sababbin hanyoyin jini da taimaka wa fata ta haɗe. A jikin mai suga wannan sauyin ne ke gagara, sai su zama kamar leburan da aka ɗauko su rushe tsohon bango, amma suka ƙi ajiye diga bayan magina sun iso. Suna ci gaba da fitar da sinadarai masu narka nama, musamman MMP-9, waɗanda ke cinye abin da jiki ya saƙa.

A bangon babbar jijiya ma haka lamarin yake, domin makrofaj na taruwa a can su narkar da elastin, wato zaren da ke ba jijiya damar miƙewa ta dawo, alhali jikin babba ba ya iya sake saƙa shi yadda ya kamata. Masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin Katherine Gallagher, sun nuna a 2015 cewa suga yana barin tabo a kan ƙwayoyin da ke cikin ɓargo tun kafin su zama makrofaj, ta hanyar wani sinadari mai suna JMJD3 da ke buɗe umarnin kumburi a cikin ƙwayar halitta. A 2021 kuma, tare da Frank Davis, suka gano cewa wannan sinadarin ya yi yawa a bangon jijiyoyin da suka kumbura, kuma da suka toshe shi a jikin ɓeraye kumburin ya ragu.

Ma'aikacin jinya, Madina:

Ƙanwata ta yi bayani mai kyau, amma ba ta taɓo ainihin abin da ya ɗaure wa mai tambaya kai ba. Gaskiya ne cewa an daɗe da lura masu suga ba su cika samun wannan kumburi ba, in kuma sun samu ba ya saurin girma. Bayani guda shi ne yawan suga yana manne zaren kolajin, wato zaren da ke ba bangon jijiya ƙarfi, da juna, bangon ya yi kauri ya yi tauri, har sinadaran su kasa narka shi da sauƙi. Bayani na biyu ya jingina abin ga metformin, maganin da galibin masu suga ke sha, shi ya sa aka shiga gwada shi a Ostireliya da Suwidin da Amurka a kan waɗanda ba su da suga.

A ganina kuma bai kamata a ɗora wa sakamakon ɓeraye nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Doxycycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya hana MMP aiki a jikin dabbobi, aka sa masa rai shekara da shekaru, amma gwajin da aka wallafa a Amurka a 2020, wanda majinyata suka sha shi shekara biyu, ya nuna bai rage girman kumburin ba. Saboda haka abin da ake da shi a hannu shi ne barin taba sigari, wadda ita ce babbar musabbabiya, da kula da hawan jini, da maimaita hoto a kan lokaci, kuma yawanci sai kumburin ya kai santimita 5.5 a namiji ake maganar gyara.

Hajiyar Unguwa, Makka:

Ɗana, kada maganar jijiya ta ɗauke muku hankali daga ƙafar, domin ita ce ta fi gaggawa. A roƙi likita ya auna yadda jini ke isa ƙafar, a riƙa kankare mataccen nama a asibiti, kuma Baffa ya daina ɗora nauyi a kan gyambon ko da zai yi ɗawafi ne a keken guragu. Idan kuwa ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ciki ko a baya, ku kira motar asibiti a lamba 997 nan take, kada ku jira gari ya waye.