Me za mu kira debugging da Hausa?

Daren jiya a ɗakina a Agege, janareton maƙwabta na ta ruri, ni kuma ina fama da wata 'yar ƙwallo a allon kwamfuta. Da p5.js, wani kayan aikin rubuta manhajar zane, na rubuta ta saboda yaran da nake koya wa ranar Asabar: ka danna wuri, ƙwallon ta je can ta tsaya. To zuwa tana zuwa, tsayawar ce babu. Da ta iso sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓin cizon sauro.

Awa biyu na kwashe kafin na gane. Ana sake zana allon kusan sau 60 a daƙiƙa, ni kuma na ce a kowane zane ta matsa ɗigo 5, ta tsaya in ta hau daidai kan wurin. In saura ɗigo 3, sai ta taka 5, ta zarce da 2. Ta juyo, ta taka 5, ta koma inda take. Direban danfo ne sak, ka ce masa owa, wato zan sauka, a Pen Cinema ya wuce da kai, ya yi ribas ya sake wucewa. Maganin layi ɗaya ne: in tazarar da ta rage ba ta kai tsawon taku ba, a ɗora ta kan wurin kawai.

Da safe na jefa tambayar a zaurenmu na WhatsApp: wannan wahalar ta neman matsala a manhaja a gyara ta, wato debugging, me za mu ce mata da Hausa?

Wani ya ce "cire ƙwaro". Na san inda ya dosa. A 1947 an ciro ƙwaro na gaske daga cikin kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard, aka manna shi a littafin aiki, kodayake tun 1878 Thomas Edison ke kiran matsalar na'ura bug, wato ƙwaro. Amma wannan tarihinsu ne. Ka ce wa yaro ya cire ƙwaro, fiya-fiya zai tuna.

"Gyaran kuskure" kuwa jan biron malami ne. Kuma ai gyaran bai ci mini minti ɗaya ba, neman ne ya cinye daren.

Sai wata yayarmu mai sayar da shinkafa a Mile 12, wadda ɗanta ne ya sa ta a zauren, ta turo murya: "Ƙanena, wannan ai tsince tsakuwa kake yi." Wallahi sai da na ajiye kofin shayi. Duk wanda ya taɓa baza shinkafar Ofada a faifai ya san aikin. Kana janyo ta kaɗan-kaɗan da yatsa, kusan duka lafiyayya ce, guda ɗaya kake nema, kuma in ka bar ta haƙorin baƙo za ta samu.

Wani malami ya ja hankalina cewa tsintuwa abin da ka samu ba ka nema ba ne. Gaskiya ne, Malam, shi ya sa na tsaya a kan tsincewa. Na gwada ta a baki: akwai tsakuwa a layi na 14, ka tsince manhajar kafin ka turo. Ta zauna.

Zarcewa da karkarwa ma na riƙe su. Wadda ta gagare ni ita ce lerp, wata dabarar matsar da abu a allo, inda a kowane zane ƙwallon ke cin, alal misali, kashi ɗaya cikin goma na tazarar da ta rage, ta taso da gudu, ta yi ta sanyi tana kusantowa, a lissafi kuma ba ta taɓa isa daidai. Asabar zan koyar da ita, wa ke da kalma?