Neman shawara: ɗan yayana ya daina shan maganinsa

Wata uwa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Ina riƙon ɗan yayana marigayi, shekararsa 16, da ƙwayar HIV aka haife shi. Ɗaki ɗaya suke kwana da ɗana mai shekara 15, shi ba ya ɗauke da ita. A ƙauye muke, asibitin da muke karɓo magani akwai nisa. Ina gyara musu ɗaki na tarar da robar maganin a ƙarƙashin katifa, ko rabi bai sha ba, ga ranar komawa asibiti ta matso. A aljihunsa kuma ga fatar tiramadol da guntun sigari. Suna kai dare a waje, an ce har budurwa gare shi. Da na yi magana sai ya ce, "Gwaggo, ba inda ke min ciwo, me zan sha wa magani?" Tsorona kar ya lalata min yaro. In raba su ne?

Wani uba: Hajiya raba su kawai, ki sa kawunsa ya saɓa masa. Yaran yanzu sai da bulala.

Ma'aikaciyar jinya: Alhaji, da girmanka, bulala ba ta sa yaro haɗiye ƙwaya, ɓoyo take koya masa. Hajiya, kwana ɗaki ɗaya ko cin abinci tare ba ya sa wa mutum HIV, wannan ki cire a ranki. Abin gaggawa shi ne maganin. Rashin ciwon da yake gani aikin maganin ne. Idan ana sha ana bari, ƙwayar cutar tana sake yawa a jini, har ta iya bijire wa maganin. Ki kai shi kafin ranar da aka ba ku, da robar yadda kika same ta, kar ki rage ko ɗaya. A yi masa gwajin yawan ƙwayar cutar. Ki kuma faɗa musu zancen tiramadol, tana jawo farfaɗiya, balle an haɗa da giya. Sigari kuwa tana ƙara haɗarin tarin fuka, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV.

Wani matashi: Mama, ni ma da ita aka haife ni. A shekarunsa ba mantuwa ke hana mu sha ba, kunya ce. Ƙarar ƙwayoyi a cikin roba kaɗai ta isa abokai su fara tambaya. Abin da ya dawo da ni shi ne ranar da aka fahimtar da ni cewa idan yawan ƙwayar cutar a jini ya sauka ƙasa da 200 a gwaji, kuma na riƙe maganin, ba zan sa wa matar da zan aura ba. Kin taɓa faɗa masa zai iya aure ya haihu lafiya? Wataƙila ya ɗauka tasa ta ƙare.

Malamin makaranta: Ni ɗan naki nake ji. Tare suke fita, me ya sa aljihu ɗaya kika duba? Mai ganin kansa lafiya ba asibitin da ke bibiyarsa, ba mai zaunar da shi. Ki yi musu magana su biyun kan ƙwaya, da mata, da karɓar reza ko allurar wani. Su kuma san akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72 bayan an shiga haɗari, a sha kwana 28.

Wata uwa: Na gode. Amma ya rantse ba zai bi ni asibiti ba, wai ana ganinmu.

Ma'aikaciyar jinya: To kar ki matsa sai da ke. Ya zaɓi babban da ya yarda da shi, wanda ya riga ya san halin da ake ciki. Ki tambaya ko suna da ranar matasa ta daban, da ko za a riƙa ba shi maganin wata 3 a tare idan gwajinsa ya yi kyau.