Wane awo zan bi wajen lissafin T-DM1?

Assalamu alaikum malamai. Ɗalibinku ne daga Damagaram, kwana uku ke nan abu ya cije mini. Ina nazarin yadda jiki ke sarrafa trastuzumab emtansine (T-DM1), maganin sankarar mama da Amurka ta amince da shi a 2013. Maganin haɗi ne na furotin ɗin garkuwar jiki (trastuzumab) da wata guba mai kashe ƙwayoyin sankara, wato DM1. A jini ana auna furotin ɗin garkuwa gaba ɗaya, da wanda gubar DM1 ke maƙale masa, da DM1 ɗin da ta kuɓuce. Da na zana su a littafina, na biyun rabinsa kan ɓace cikin kwana 4, na farko kuwa sai jan ƙafa yake. Ina kyautata zaton gubar ce ke ɓallewa a hanya. Don Allah wanne zan ɗauka wajen lissafin fitar maganin daga jiki?