Me ya ba kacalla ƙarfin mamaye fadamun Haɗeja da Nguru?

Ɗalibi daga Gashuwa:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu a karatun ilimin muhalli, kuma a wannan zangon an koya mana cewa duk ƙasar da ruwan samanta ke gangarawa zuwa kogi ɗaya ana ɗaukarta tamkar jiki guda, abin da ya taɓa kanta sai ya kai ga ƙafarta. Na fahimci wannan a takarda, amma ina so in gane shi a kan abin da idona ya gani. Kakana yana cewa a ƙuruciyarsa akwai kacalla a bakin ruwa, sai dai tsilli-tsilli ce, ba ta hana kowa wucewa. Yau kuwa ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru. Idan ciyawar nan ba baƙuwa ba ce, me ya ba ta wannan ƙarfi? Kuma shin gaskiya ne tana da hannu a ɓarnar da tsuntsayen jan-baki ke yi wa manoma?

Mai nazarin koguna, Kano:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar kakanka ita ce mabuɗin tambayar, domin ciyawar ba ta canza hali ba, kogin ne ya canza. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma kogin Jama'are yana tasowa ne daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauchi, sannan ruwan biyun ya haɗu kusa da garinku ya zama Komadugu Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da jihar Diffa ta Nijar har ya faɗa Tafkin Cadi. A da, waɗannan koguna suna cika su yi ambaliya da damina, ruwa ya bazu a fadama ya bar laka mai taki, ya kuma nitse ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, sannan idan rani ya yi nisa yawancin hanyoyin ruwan su ƙafe ƙayau. Wannan ƙafewar ita ce linzamin kacalla, saboda saiwarta tana son ƙasa mai jiƙe ko ruwa marar zurfi da ba ya yankewa.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka biyo da ta Challawa a 1992, sai aka riƙe ruwan damina ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara domin noman rani a wurare irin su Kura da Kadawa da kuma ruwan sha na birnin Kano. Amfanin wannan a fili yake, ba na musunsa. Amma a can ƙasa ambaliya ta ragu, kuma kogin ya rasa raninsa. Ruwa mai tafiyar hawainiya yana sauke laka a tsakiyar hanya, takin zamani da ke kwarara daga gonaki yana ƙara ciyar da ciyawar, ita kuma da ta yi kauri sai ta ƙara rage gudun ruwan, laka ta ƙara taruwa, wurin tsirowarta ya ƙara faɗi. Haka wasu rassan kogin suka toshe, ruwa ya karkata ta mashigin Marma zuwa tafkin Nguru, wasu gonaki suka nutse, wasu kuma suka bushe.

Ɗan masunta, yankin Guri:

Malam, Allah ya ƙara basira, abin da ka faɗa haka yake a wurinmu. Wurin da mahaifina yake jan taru a da, yanzu ko kwale-kwale ba ya ratsawa sai an sare hanya, domin ciyawar ta fi tsawon mutum nesa ba kusa ba. Idan ka shiga tsakiyarta ka tsoma hannu, ruwan baƙi ne mai wari, ƙasansa kuma ruɓaɓɓen ganye ne mai santsi, ba irin lakar da muka sani ba. Tarwaɗa da gaiwa suna jure wannan ruwa, amma sauran kifaye sun ja baya, kuma ko suna ciki birgi ba ya kama komai sai kara.

Ina so in ƙara wa ɗan'uwa ɗalibi abu ɗaya da muka koya da guminmu. Mun sha banka mata wuta da rani, sai ta dawo kore shar cikin makonni kaɗan, domin wuta ganye kawai take ci, saiwar na kwance lafiya a ƙasa. Da muka fara aikin gayya muna shiga ruwa da lauje muna yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse gaba ɗaya, sai muka ga wurin ya daɗe bai sake cika ba. Aiki ne mai wuya ƙwarai, ga matsattsaku, ga tsoron tsargiya.

Malamar kimiyyar halittu, Damaturu:

Abin da ɗan'uwanmu na Guri ya gani yana da dalili. Ganyen kacalla da kararta cike suke da ƙananan ramuka da ke kai iska zuwa saiwar da ke cikin laka, don haka idan aka yanke ta ruwa ya rufe kututturen, an toshe mata numfashi ne. Baƙin ruwan da ya ambata kuma ruɓewar ganye ce ke cinye iskar da kifi ke shaƙa, shi ya sa gaiwa da tarwaɗa, waɗanda ke iya shaƙar iska daga saman ruwa, suka fi saura daɗewa a wurin.

Ɗana ɗalibi, darasin alaƙar halittu da ake koya muku duk yana cikin wannan fadama. Akwai gasa: kacalla tana tare hasken rana da fili, sai bado da burugu, wanda makiyaya suka dogara da shi, su rasa wurin zama. Akwai alaƙar mai cuta da mai ɗauke da ita: ruwan da ya tsaya a cikin ciyawa yana dacewa da sauro da kuma dodon koɗin da ƙwayar tsargiya ke girma a jikinsa kafin ta shiga fatar mutum. Batun jan-baki kuwa a yi masa adalci, domin tsuntsun yana yankin Sahel tun kafin a gina kowace madatsa, kuma asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Abin da kacalla ta ba shi shi ne makwanci mai faɗi a kan ruwa inda mutum da dabba ba sa isa gare shi cikin sauƙi, gonakin shinkafa da alkama na rani kuma suka samar masa abinci a lokacin da a da yake ƙaranci.

Abin da ya fi damuna shi ne tsuntsayen ruwa. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya, a shekarar 2000, su ne na farko a Najeriya, kuma cikin dalilan har da agwagin daji da sauran tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan tare da dinya da kirinjijiya. Da yawa daga cikinsu buɗaɗɗen ruwa marar zurfi da bakin laka suke bukata, kuma irin wuraren ne kacalla ta fara cinyewa.

Mai nazarin koguna, Kano:

Malama ta cika maganar. Zan ƙara cewa yanka da lauje ko da inji yana buɗe hanya, amma muddin ruwa yana kwance duk shekara, iska za ta sake kawo irin, domin kan kacalla ɗaya yana ɗauke da dubban 'ya'ya masu tashi kamar auduga. Shi ya sa masana suka daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa ta yadda zai kwaikwayi ambaliyar damina, a kuma bar wasu hanyoyin su bushe da rani. Shi ya sa kuma mutanen Yobe da Borno suke ɗar-ɗar da batun madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan kogin Jama'are, tunda Jama'are ne babban reshen da har yanzu yake kawo musu ambaliya yadda aka saba. Idan za ka yi aikin bincikenka na ƙarshe a kan wannan, ka zaɓi wuri biyu kusa da Gashuwa, ɗaya mai ƙafewa da rani ɗaya marar ƙafewa, ka riƙa auna zurfin ruwa da ƙirga irin tsirran da ke kowanne sau ɗaya a wata, daga kaka har faɗuwar damina.