Yaya ake buga leƙe da gada a firintar 3D ba tare da tokari ba?

Sani, Garwa:

Assalamu alaikum malamai. Ina buga akwatin batir na fitilar sola da firintar Ender 3, nozul (bakin da narkakkiyar roba ke fitowa) 0.4 mm, zaren roba na PLA, zafin nozul digiri 215, faranti (inda ake buga aikin a kai) 60, kaurin kowane hawa 0.2 mm. Wuri uku ke ba ni wahala. Akwai leɓen da ya leƙo waje daga bango da kusan digiri 60, bakinsa yana lanƙwashewa sama har nozul ya riƙa karo da shi. Akwai tagar waya mai faɗin 30 mm, zaren samanta yana zubowa. Sai ramukan sukuru da ke jikin bango, ba sa fitowa a zagaye. In na sa tokari, wato ginshiƙan wucin gadi da firinta ke bugawa a ƙarƙashin abin da ke iska, komai na fita, amma zare na ƙarewa a banza, ga shi daga nesa ake kawo mana shi, kuma wurin da aka ɓalle tokarin yana barin tabo. Ina neman shawara.

Malam Buba, Marwa:

Wa alaikumus salam Malam Sani. Fara da lissafin leɓen, don a nan amsar take. Kowane layi da nozul ya zuba sai ya samu abin da zai hau a ƙasansa. In bango ya karkata digiri 45 daga tsaye, hawa mai kaurin 0.2 yana gusawa waje da 0.2 daidai. Layinka faɗinsa kusan 0.45 ne, ka ga fiye da rabinsa na zaune a kan na ƙasa, shi ya sa 45 ba ya ba kowa matsala. A digiri 60 gushin ya kai 0.35, abin da ya rage a zaune 0.1 ne kacal, sauran duk a iska yake. Ka mayar da kaurin hawa 0.12, gushin zai sauko zuwa kusan 0.21, ka koma kamar kana buga 45. Ba sai ka rage kaurin a duk akwatin ba, Cura da PrusaSlicer, manhajojin da ke shirya zane don firinta, duka suna barin mutum ya sirantar da hawa a wurin leɓen kaɗai. Ka kuma ƙara faɗin layin bango zuwa 0.5, sannan ka sa manhajar ta fara buga layin ciki kafin na waje, don na wajen ya samu maƙwabcin da zai manne masa.

Ka lura da abu guda: Cura daga tsaye take auna kusurwar leƙe, PrusaSlicer kuwa daga kwance. Digiri 60 a waccan 30 ne a wannan. Mutane da yawa suna kwafar lamba daga ɗaya zuwa ɗaya su yi ta mamakin abin da ya fito.

Lanƙwashewar bakin kuma daga tsukewa take. Roba in tana hucewa tana tsukewa, layin da ba shi da abin riƙe shi a ƙasa sai ya ɗago sama. Maganinta a daskarar da shi da wuri. Sauke zafin nozul zuwa 200 ko 195, faranti 50 bayan hawan farko, fanka ɗari bisa ɗari tun daga hawa na uku, saurin leƙen kada ya wuce 20 mm a daƙiƙa.

Hajiya Amina, Injamena:

Abin da Malam Buba ya faɗa daidai ne, sai dai a ƙara maganar zafin gari, don saitunan da manhaja ke zuwa da su an gwada su ne a ɗaki mai sanyi. PLA tana fara laushi wajen digiri 60. A watan Maris da Afrilu, Garwa da Injamena suna haura 40 da rana, shagon da ke da rufin kwano ya fi haka. Fankar iskar ɗakin take hurawa, in iskar da zafinta ba ta iya daskarar da komai a kan lokaci. Irin wannan aikin da asuba ko da dare ake buga shi. In firintar a cikin akwati take saboda ƙurar hunturu, a buɗe ƙofar yayin buga PLA.

Sannan ɗan'uwa ka duba fankar kanta. Wadda Ender 3 ke zuwa da ita ƙarama ce, mai lamba 4010, kuma daga gefe guda take hurawa. Juya akwatin batir ɗin a kan faranti yadda leɓen zai fuskanci bakin iskar, bambancin a fili yake. Goge ƙurar da ta taru a fukafukanta da buroshi. In da hali a musanya ta da babbar fanka mai lamba 5015 mai bututu ta gefe biyu, a tabbata ta volt 24 ce kamar yadda firintar ke buƙata.

Tambaya ɗaya: akwatin a rana zai zauna? In haka ne PLA za ta lotse, zaren PETG ya kamata, don ya fi jure zafi. Amma ita PETG ta fi zubowa a gada, tana kuma shan danshi da damina. Zaren PETG da ke yin ƙara tas-tas a bakin nozul ya jiƙe, sai an busar da shi a digiri 65 na awa huɗu zuwa shida kafin a yi maganar gada.

Malam Buba, Marwa:

Tagar kuwa gada ce, hukuncinta daban da na leƙe. Nan nozul yana kafa zare a gefe guda ya ja shi a miƙe har ɗaya gefen, kamar yadda magini ke ɗora azara daga bango zuwa bango. Dole gefen biyu su kasance a tsayi ɗaya, layin kuma miƙaƙƙe, don gada ba ta yin kwana a iska. 30 mm ba wani abu ba ne ga PLA. Rage yawan robar da ke fita a gadar zuwa kashi 90 cikin ɗari don zaren ya ɗame, fanka a ƙure, sauri tsakanin 20 da 30 mm a daƙiƙa. A Cura sai ka kunna saitin gada da kanka, yana cikin sashen gwaji. Kafin ka buga, duba hoton hawa-hawa ka tabbata layukan sun tsallaka ta gajeren gefe. Ka sa aƙalla hawa huɗu cikakku a kan gadar, don na farkon zare ne sako-sako, na bayansa ne ke ba shi ƙarfi.

Usman, Ngaundere:

Yaya Buba, a kan saurin gada ina da ɗan ja. In fanka ba ta da ƙarfi, tafiya a hankali tana barin nozul mai zafi kusa da zaren ya daɗe, sai ya ƙara zubowa. Wasu firintocin sun fi kyau a 50 ko 60. Malam Sani ya buga ɗan gwaji mai gada 20, 30 da 40 mm a sauri biyu ya ga wanda ya fi.

Ni dai a ganina gyara zanen ya fi gyara saiti. Ƙarƙashin leɓen a cike shi da gangare mai digiri 45, magana ta ƙare. Ramin da ke kwance a bango samansa ne ke lotsewa, saboda can ƙoli da'irar ta zama leƙe mai kusan digiri 90. A zana saman ramin da tsini, gefe biyu a 45, ko a yanke ƙolin ya zama 'yar gajeriyar gada. Na sukuru M3 a ba shi 3.4 mm. In kuma akwai ramin da kan sukuru ke nutsewa a ciki kuma yana kallon faranti, ƙaramin ramin zai fara ne a iska. A toshe shi da hawa ɗaya mai kaurin 0.2 a zanen, firinta ta buga shi a matsayin gada, bayan an gama a huda da diril.

Sani, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, akwatin a inuwa zai zauna, zan ci gaba da PLA. Malam Usman, in na cike ƙarƙashin leɓen murfi ba zai zauna ba, akwai wata dabara?

Usman, Ngaundere:

Kife akwatin ka ga ko leɓen zai kwanta a kan faranti. In hakan zai mayar da gindin akwatin babbar gada, raba shi biyu a zanen: buga leɓen daban a kwance, ka bar ramukan 'yan turaku biyu da rata 0.2 mm, ka haɗa da gam mai saurin kamawa.