Neman kalma: wane suna za mu ba wanda ke duba gini kafin a saya?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu aikin fassara. Akwai wata sana'a a Amurka wadda sunanta ke yawan fitowa a labaran cinikin gidaje, kuma har yanzu ba mu tsayar mata da kalma ɗaya ba, wato aikin mutumin da suke kira hom insifekta. Mai sayen gida ne yake ɗaukarsa da kuɗinsa, bayan an daidaita ciniki amma kafin a kammala biya, domin ya zagaya ginin ya rubuta rahoton halin da yake ciki. Yakan hau rufi ya nemi inda ruwa zai iya yoyo, ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke kwanuka ko akwai danshi, ya buɗe akwatin wutar lantarki ya ga yadda aka haɗa wayoyi, sannan ya bi tsagar bango da ido ya gane ko ta shafe ce kawai ko daga harsashin gini ta taso. Ba ya fasa bango, kuma ba ya yi wa gida farashi, domin wannan aikin wani ne daban.

Kafin mu zaɓi suna, ya kamata mu san cewa gwamnatin tarayya ba ta da hannu a ba shi lasisi, kowace jiha da dokarta. Jihar Tekzas ce ta fara sa wa sana'ar doka a 1985, kuma a 1991 ta mayar da ita sana'ar lasisi a ƙarƙashin hukumarta mai kula da cinikin gidaje da filaye, inda ta kasa ta matakai uku: ɗan koyo, mai lasisin tsakiya da ke aiki a ƙarƙashin wani, da ƙwararre mai cin gashin kansa. A Niyok ɗaya daga cikin hanyoyin samun lasisi ita ce mutum ya yi karatun sa'o'i 140, daga ciki 40 a bakin aiki tare da mai lasisi. Kalifoniya kuwa ba ta ba da lasisi ko kaɗan, amma dokarta ta hana mutum karɓar kuɗin gyara a gidan da shi ya duba cikin watanni 12 da suka gabata, don kada ya ƙirƙiro lahani ya samar wa kansa kwangila.

Shawarwarin da suka zo mini guda huɗu ne. "Sufeton gida" na ajiye shi da wuri, saboda Bahaushe idan ya ji sufeto, kakin 'yan sanda yake gani. "Mai binciken gida" ma haka, domin a wurinmu binciken gida yana tafiya da takardar kotu da zargin ɓoye wani abu. "Mai duba gida" ya fi kusa, sai dai yana iya nufin wanda aka bar wa amanar gida idan an yi tafiya, ko ma mai neman haya da dillali ya kai shi ya gani.

Na huɗun shi ne wanda wani malaminmu ya kawo, cewa a ari "duba-gari" kai tsaye. Allah ya gafarta Malam, a nan ina da ja. Duba-gari jami'in hukuma ne tun zamanin En'e, yana shiga gida ba da gayyata ba, ya leƙa randa da kwata da masai, kuma yana iya sa a ci tarar mai gida. Wannan da muke nema wa suna ba shi da ikon cin tarar kowa, ba ya iya dakatar da ciniki, iyakarsa ya miƙa rahoto ga wanda ya biya shi. Idan muka kira shi duba-gari, mai karatu zai ɗauka ma'aikacin gwamnati ne, alhali gwamnati lasisi kawai ta ba shi. Amma ginin kalmar da Malam ya nuna mana yana da kyau ƙwarai, aikatau a gaba, abin da ake yi wa aikin a baya, kuma kunne ya riga ya saba da shi.

Saboda haka nake ba da shawarar "duba-gini": ɗan duba-gini, 'yar duba-gini, 'yan duba-gini. Na fifita gini a kan gida domin aikin ya shafi jikin ginin ne, ba iyalin da ke ciki ba, kuma kalmar za ta ɗauki shago da ofis. Kada a gutsure ta a ce "ɗan duba", don wannan sunan masu duban ƙasa ne.

Saura batun takardu. "Lasisi" a bar shi ga izinin da jiha ta bayar, wanda take iya ƙwacewa idan an saɓa ƙa'ida. Takardar da ƙungiya ke bai wa membobinta, irin ta ASHI, ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka da aka kafa a 1976, a kira ta "shaidar ƙungiya". Da haka za mu iya rubuta cewa a Kalifoniya ɗan duba-gini yana iya riƙe shaidar ƙungiya amma ba shi da lasisi, a Tekzas kuwa ba ya karɓar kuɗin aiki sai da lasisin jiha.