Kufan Hyrule: a ina ƙasar ta fara ba ku labarinta?

Baban Iman

Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga duk wanda ya taɓa buga wasannin bidiyo na Zelda na kamfanin Nintendo ne, tsoho ko sabo. A Breath of the Wild, wanda ya fito a 2017, ba wanda zai zaunar da kai ya karanto maka tarihin masarautar Hyrule daga farko har ƙarshe. Link, jarumin wasan, ya farka daga barcin shekara 100 bai tuna komai ba, kai ma mai riƙe da hannun gem haka. Sai dai ka yi ta yawo, kufai da rusassun ganuwowi su riƙa ba ka labari. Ina so kowa ya faɗi wurin da ya taka ya ji abin ya shige shi.

Nawa dai Fort Hateno ne. Na baro bargar dawakin da ke gindin Dueling Peaks ina sukuwa, sai na faɗa wani fili cike da matattun Guardian, waɗannan injinan masu ƙafafu kamar gizo-gizo. Gansakuka ta rufe su, wasu sun nutse a laka har rabi, wasu kuma sun mutu suna ƙoƙarin haura ganuwa. Ina shige ƙofar ganuwar na ci gaba da tafiya, sai ga ƙauyen Hateno lafiya lau: gonaki, shanu, yara na guje-guje, har da marina inda ake rina maka kaya. A nan na gane cewa iyakar inda bala'in Ganon, mugun da ya rusa masarautar, ya tsaya ke nan. Daga baya wasan ya nuna mini cewa a wannan filin ne Link ya faɗi, gimbiya Zelda ta shiga gabansa, ƙarfin da ta daɗe tana nema ya zo mata. Amma kafin a nuna mini, filin ya riga ya gaya mini.

'Yar Damagaram

Wa alaikumus salam Baban Iman. Ni Hamadar Gerudo ce, can kudu maso yamma. Abin da ya fara burge ni shi ne sun san hamada ba zafi kaɗai ba ce. Da rana sai ka ci kankana ko ka sa kaya marasa nauyi, dare na yi kuma sanyi ya hau cin ranka. Duk wanda ya taɓa kwana a hanyar Agadas lokacin hunturu ya san ba ƙarya suka yi ba.

Garin Gerudo mata ne zalla, namiji ba ya shiga, shi ya sa 'yan kasuwa maza suke yada zango a Kara Kara Bazaar, bakin wani ɗan tafki mai itatuwan dabino, suna jiran matan su fito ciniki. Ku lura da yadda ruwa yake bin magudanai ta saman katangun garin. Mutanen da suka yi wannan ginin sun daɗe a wurin.

Tarihin kuwa, Urbosa, jarumar 'yan Gerudo, ce ta ba ni shi a taƙaice bayan na kwato Vah Naboris, babban injin nan mai siffar raƙumi. Ta ce sunan Nabooru, wata 'yar Gerudo ta zamanin da, aka sa masa, ta kuma ce an rubuta cewa Ganon ya taɓa zuwa a siffar ɗan Gerudo. Yadda ta faɗi maganar, ka san abin kunya ne da ya bi ƙabilar tsawon dubban shekaru, kuma tana so ta wanke shi da hannunta. Sai da na ajiye Switch ɗin na ɗan yi shiru.

Tsohon Ɗan Gem

Ku yaran yanzu kun huta. Mu da muka fara da Ocarina of Time na 1998 a kan Nintendo 64, ciwon kanmu daban ne. Yayana ne ya kawo mana shi, muka riƙa bugawa bi da bi a zaure in an kawo wuta. Taswirar nan har yau tana kaina: fada a arewa, Dutsen Mutuwa a arewa maso gabas da ƙauyen Kakariko a gindinsa, kwarin Gerudo a yamma, Tafkin Hylia a kudu, gandun dawakin Lon Lon a tsakiyar fili.

To ranar da nake ratsa filin Hyrule a Breath of the Wild ina gudun harbin Guardian, na faɗa wani kango da wasan ya kira Ranch Ruins. Na tsaya na duba. Ga zagayen da ake tseren doki, ga gurbin ƙofa, ga inda barga take. Nan ne Lon Lon, inda na ci Ingo mai riƙe da gandun tsere sau biyu na tsallake katanga da goɗiyata Epona ina yaro. Ba rubutu, ba mai gadi, ba wanda ya ce mini komai. Na kira yayan nawa a waya, yanzu ya kusa hamsin, na ce masa gandun Malon, 'yar mai gandun, ya zama kufai. Ya yi dariya ya ce Allah Ya shirye ni.

Amma ga abin da ya hana ni sakat. A Ocarina of Time, haikalin Temple of Time yana jikin kasuwar birni, taku kaɗan daga fada. A Twilight Princess kangonsa yana cikin daji. A Breath of the Wild yana kan Great Plateau, can kudu, nesa da fada. Haikali dai ba ya tafiya da ƙafa.

Injiniya Mai Taswira

Yaya, ba haikalin kaɗai ba ne. Ni na taɓa zama na buga taswirorin a takarda na jera su a kan tabarma don in daidaita su. A Link to the Past na 1991 ya sa dajin Lost Woods a arewa maso yamma, Kakariko a yamma, Tafkin Hylia a kudu maso gabas. Ocarina of Time ya ɗauke dajin ya kai shi gabas wajen Kokiri, ya mayar da Kakariko gindin Dutsen Mutuwa. Breath of the Wild ya kai dajin arewa da fada, Kakariko kuma ya koma cikin duwatsun Necluda, tafiyar gaske daga Dutsen Mutuwa. In ka juya takarda ɗaya don daji ya hau daji, sai tafki ya zame. Abin da ya fi zama wuri ɗaya shi ne hamada ta ɓangaren yamma da Dutsen Mutuwa ta ɓangaren arewa, sai fada a tsakiya ko kusa da haka.

Ra'ayina a fili yake: masu yin wasan suna fara tunanin yadda za a ji daɗin bugawa ne, sannan su ɗora sunayen da muka sani a kai. Daraktan Breath of the Wild, Hidemaro Fujibayashi, ya ce da taswirar birnin Kyoto suka auna nisan wurare. Ka ga ke nan ba tsohuwar taswirar Hyrule suka shimfiɗa a gabansu ba.

Ɗan Zongo

Injiniya ka tuna mini rigimarmu da wani abokina a Kumasi kan Twilight Princess. Shi yana bugawa a Wii, ni ina buga na GameCube a kwamfuta. Ya maƙale yana neman hanyar hamada, ya kira ni, na ce duba yamma da Tafkin Hylia. Ya ce babu komai a yamma. Na ce ga ta ina kallo. Ya rantse, na rantse. Har ya fara cewa ina yi masa wasa da hankali. Washegari na je ɗakinsa na ga abin da idona: hamadarsa tana gabas. Ashe Link bahago ne a asali, da suka zo yin na Wii sai suka ga yawancin mutane da dama za su riƙe abin juya takobi, maimakon su sake zana Link sai suka juya duniyar gaba ɗaya kamar a madubi. Wasa ɗaya, shekara ɗaya ta 2006, Hyrule biyu. Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ina gabas take.

Maman Twins

Ni nawa a ƙarƙashin teku yake. Wind Waker na fara bugawa, ban san komai a kan sauran ba. Teku ne kawai da tsibirai, taswira gida 49, kana ta jan kwale-kwale mai magana. Sai ga shi an nutsar da ni ƙasa, na tarar da fada babu launi, baƙi da fari, dodanni sun daskare a tsakiyar falo da makamansu a hannu kamar an tsayar da agogo. A nan aka bayyana mini cewa Ganon ya dawo, jarumi bai zo ba, alloli suka saukar da ruwa suka binne masarautar, tsibiran da nake ta zagayawa kawunan duwatsun Hyrule ne. Kwale-kwalen nawa kuma sarkin ne da kansa. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Shekaru bayan haka ina fasa dutse a Breath of the Wild, gishiri ya faɗo, na karanta bayaninsa: wai daga tsohon teku yake. A kan tsauni fa! Na ce to ga shaida, ambaliyar ta faru, ruwan ya janye.

Injiniya Mai Taswira

Maman Twins, da gishirin ya isa shaida da an huta. Matsalar ita ce littafin Hyrule Historia da Nintendo ta fitar a 2011 ya raba tarihin gida uku daga Ocarina of Time: reshen da jarumi ya sha kashi, reshen da aka mayar da shi yarinta, da reshen da ya bari babu shi, wanda nan ne ambaliyar ta auku. Breath of the Wild yana ɗauke da alamun dukkan ukun. Ga gishirinki, ga kangon Arbiter's Grounds na Twilight Princess a hamada, ga 'yan Rito masu siffar tsuntsu da 'yan Zora masu siffar kifi suna zaune a zamani ɗaya alhali a Wind Waker an nuna Rito daga Zora suka fito. Nintendo ta ce wasan yana can ƙarshe, bayan dogon zamani, ta ƙi faɗin reshen.

Tsohon Ɗan Gem

Ƙanena Injiniya, ka nade tabarmar nan. Sunan wasan ma almara ce ta Zelda. Ka je wani tsohon gari ka tambayi dattawa uku yadda aka kafa shi, kowa zai ba ka rijiyar da maharbin da kukar, amma wani zai sa rijiyar a gabas, wani a yamma. Haka nake ɗaukar Hyrule: gimbiya, takobi, dutse mai aman wuta, tafki, hamada, kowane mai ba da labari ya jera su yadda ya ji. Wannan bai hana ni jin abin da na ji a gandun Lon Lon ba.

Sadauki 99

Ni dai ban yarda a ce duk almara ce a wuce ba. A ƙasar Zora akwai allunan dutse da aka sassaƙa tarihi a jiki, ɗaya ya ambaci Ruto, gimbiyar Zora ta Ocarina of Time, da sunanta, ya ce don ita aka sa wa Vah Ruta, babban injin nan mai siffar giwa, suna. Mutanen cikin wasan suna ɗaukar abin a matsayin tarihinsu.

Wurina kuma Akkala Citadel ne. Wani matafiyi a bakin karyayyar gadar ya ce mini a nan sauran mayaƙan Hyrule suka yi tsayuwar ƙarshe bayan fada ta faɗi. Ina hawa na ga igwogi har yanzu suna kan ganuwa, Guardian masu tashi suna shawagi a kai. Daga saman hasumiyar in ka dubi gabas za ka hango wani dutse a tsakiyar Tafkin Akkala. Nan ne wani magini mai suna Hudson ya kafa Tarrey Town, kai kana ta saro masa itace, dami 110 gaba ɗaya, kana nemo masa ɗan Goron da 'yar Gerudo da ɗan Rito da dattijon Zora. Gari ɗaya tilo da aka gina sabo bayan bala'in, kuma a gaban idon kangon da aka yi asarar rayuka.

Auta

Yayyena ku yi haƙuri, ni da Tears of the Kingdom na 2023 na fara, a Switch ɗin Antina. Abin da ya ruɗa ni shi ne ƙarƙashin ƙasa. Na yi ta karo da bango cikin duhu ina jefa ƙwayar haske, sai Anti ta ce in buɗe taswirar sama in kwatanta. Inda dutse yake a sama, rami ne a ƙasa. Inda kogi yake a sama, bango ne a ƙasa. Kowace saiwar haske kuma daidai ƙarƙashin wani wurin gwaji (shrine) na doron ƙasa take. Daga ranar na daina ɓata.

Tambayata: wasan ya ce Rauru ɗan ƙabilar Zonai da matarsa Sonia su suka kafa Hyrule. Wani ya ce mini a Skyward Sword mutanen Skyloft ne suka sauko daga sama suka zauna a ƙasar. Wanne ne na farko?

Injiniya Mai Taswira

Auta, barka da shigowa cikin ciwon kai. Mutane sun rabu biyu. Wasu sun ce Rauru ya zo ne bayan Skyward Sword da ɗan lokaci, wasu sun ce tsohuwar masarautar ta shuɗe gaba ɗaya shi kuma ya sake kafa wata da sunan. Ni na fi karkata ga na biyun, don a zamanin Rauru an riga an ga 'yan Rito, kuma Ganondorf ɗinsa, wato Ganon a siffar ɗan Gerudo, a ɗaure yake a ƙarƙashin fada tun daga lokacin.

'Yar Damagaram

Auta, in ka samu Breath of the Wild, ga aikin da zan ba ka. Gabas da garin Gerudo akwai gumakan jarumai mata bakwai a tsaye cikin da'ira, kowace da takobinta. Bakwai ɗin nan ne mutanen garin suka fi sani. Amma akwai ta takwas, ita kaɗai a cikin wani kwazazzabo a tsaunukan Gerudo, takobinta kuma yana can wani wuri daban a kan tsaunin. Ka tafi da kayan sanyi masu kauri, ka dafa barkono da yawa kafin ka hau, don ƙanƙara ce a wurin, kuma akwai Lynel, wani dodo mai ƙarfin gaske, a kusa da takobin.